Abin da ya cancanci a gada daga Anna Pavlova

Anna Pavlova, shahararriyar 'yar rawar bale ta Rasha, ta rasu ranar 23 ga Janairu, 1931, a ɗakin wani otal a birnin Hague na ƙasar Holan, saura makonni uku ta cika shekara 50. Waɗanda suka gan ta da idonsu a dandamali kusan duk sun bi ta. Abin da ya saura shi ne hotuna da 'yan guntayen fim baƙi da fari marasa sauti. Amma har yau, duk inda ake koyar da rawar bale, sunanta malamai ke ja wa yara idan suna son su ɗaura ɗamara. A Ostireliya da New Zealand ma akwai wani kayan zaƙi na farin ƙwai da sukari da ke amsa sunanta, ƙasashen biyu na ta musu kan wadda ta fara yin sa.

Gado biyu ta bari, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai hoton siririyar mace cikin farin gashin tsuntsu, wadda aka ce ta gwammace mutuwa da barin rawa. Akwai kuma aikin da ta yi a zahiri: ta san inda jikinta ya gaza, ta gyara takalminta, ta koma gaban malami bayan ta shahara, ta ɗauki rawar ta kai wa mutanen da ba su taɓa ganin irinta ba. A ganina na farkon ya cutar da yara mata da yawa. Na biyun ne ya kamata a riƙa koyarwa, har ga wanda ba zai taɓa taka bale ba.

Ga wanda bai saba da ita ba, bale rawar dandamali ce da ta faro a fadojin Italiya, ta samu ƙa'idojinta a Faransa inda Sarki Louis na 14 ya kafa cibiyar rawa a 1661, sannan ta kai ƙololuwa a Rasha a ƙarshen ƙarni na 19. Ba a magana a cikinta, jiki ne ke ba da labari. Abubuwa biyu suka ware ta daga sauran raye-raye: juya ƙafafu waje tun daga ƙugu, da tsayuwar mata a kan ƙarshen yatsun ƙafa.

An haifi Pavlova a St. Petersburg a 1881, mahaifiyarta wankau take yi. Makarantar rawa ta sarki ta karɓe ta a 1891, ta kammala a 1899, ta shiga gidan rawa na Mariinsky. Ta taso a lokacin da 'yan rawar Italiya ke tashe a Rasha, mata masu ƙarfin sharaɓa da ƙaƙƙarfan jiki. Pierina Legnani takan juya sau 32 a jere a kan ƙafa ɗaya, 'yan kallo na ƙirgawa. Ita kuwa Pavlova siririya ce, idon sawunta ba ƙarfi, tafin ƙafarta ya lanƙwashe fiye da kima, ƙugunta bai buɗe yadda ake so ba, juyi kuma bai taɓa zama gwanintarta ba. Malaminta Pavel Gerdt ne ya hana ta kwaikwayon waɗancan, ya nuna mata ta bar wa masu ƙarfin abinsu, ta gina rawarta a kan sauƙin jiki da laushi da iya bayyana abin da ke zuci. A 1906 ta zama babbar 'yar rawa ta Mariinsky.

A fara da takalmin, domin a nan ne hannunta ya fi fitowa fili. Mutane da yawa na ɗauka akwai katako ko ƙarfe a bakin takalmin tsayuwa kan yatsu. Babu. Akwatin da yatsu ke shiga an yi shi ne da yadi da takarda hawa-hawa, a manne su da gam, a busar a tanda har su yi tauri. A ƙarshen akwatin akwai bakin da ake tsayuwa a kai, faɗinsa kusan santimita 4, nan duk nauyin jiki ke sauka. Ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wani dogon falle mai tauri na fata ko kwali da ke tallafe lanƙwasar ƙafa idan an miƙe. Sai a lulluɓe duka da yadin satin. Ba shi da hagu ko dama, sawa ce ke ba shi siffa. Igiyar ɗauri da roba kuwa 'yar rawa ce ke ɗinka su da hannunta: ta ninko dunduniyar takalmin gaba, inda ninkin ya taɓa gefe nan ake ɗinka igiyar. Ƙullin ana yin sa ne ta cikin idon sawu, a ɗan ramin da ke tsakanin ƙashi da babbar jijiyar dunduniya. Idan aka ƙulla a kan jijiyar, gugar yau da gobe na kumbura ta.

Ƙafa mai lanƙwasa sosai irin ta Pavlova tana da kyau a ido, amma tana da matsala a aiki. Idan ta miƙe kan yatsu, ƙafar kan zarce bakin takalmin, nauyi ya koma kan farcen babban yatsa, fallen ƙasa ya karye da wuri, idon sawu ya rasa madogara. Takalman zamaninta masu tsini ne, tallafinsu kaɗan. Sai ta riƙa ƙara fata mai tauri a ƙarƙashin tafin, ta kuma baje bakin ya yi faɗi. A lokacin ana ɗaukar wannan a matsayin ha'inci, wai 'yar rawa ta gaskiya da ƙarfin ƙafarta take tsayuwa. Ita ma abin ya dame ta har takan sa a gyara hotunanta bakin takalmin ya fito siriri. Yau kusan duk takalmin da ake yi yana da faffaɗan baki da falle mai tauri, wato abin da aka zarge ta a kai shi ya zama ƙa'ida.

Wanda ya gane wannan ya gane cewa takalmi ake daidaitawa da ƙafa. Idan akwatin ya yi faɗi, ƙafa na nutsewa ciki, farce ya yi baƙi ya cire. Idan ya matse, ƙasusuwan gaban ƙafa na cushewa, gindin babban yatsa ya kumbura. Mai dogayen yatsu da ta sa takalmi mai gajeren rufi, yatsun za su tanƙwashe a ciki. Kuma takalmin ba ya daɗewa: zufa ce ke narka gam ɗin, yawanci tsakanin awa 10 zuwa 20 na aiki ya mutu, babbar 'yar rawa kuwa takan gama da ɗaya a dare guda. Alamar mutuwarsa ita ce a fara jin ƙasa ta cikin akwatin, ko fallen ya daina tura ƙafa sama. Ci gaba da rawa da mataccen takalmi don tsimi, ganin kuɗinsa ya kai kusan dala 100, yana daga cikin manyan hanyoyin samun targaɗe da tsagewar ƙashi. Masu sana'ar kan juya biyu ko uku, su cire audugar ciki bayan aiki, su bar shi ya sha iska aƙalla yini ɗaya, ba a cusa shi a leda ba. Wasu na ɗiga gam mai ƙarfi cikin akwatin don ya ƙara kwana, su yi wa bakin saƙa da zare don kada ya zame, su kankare tafin, su taka garin ƙaro kafin su fita.

Wannan gyara bai tsaya kan tauri ba. An zaɓi launin ruwan hoda ne don takalmi ya saje da fatar Baturiya, ƙafa ta yi kamar ta ƙara tsawo. Shekaru da yawa 'yan rawa baƙar fata na shafa wa nasu hodar kwalliya da soso kafin kowane wasa, abin da ke cin lokaci da kuɗi, yana kuma laushe akwatin. A Birtaniya sai a 2018 kamfanin Freed na Landan, tare da ƙungiyar Ballet Black, ya fito da masu launin ƙasa-ƙasa. Jinkirin ya yi yawa ga sana'ar da ke alfahari da matar da ta fara cewa takalmin bai dace da ita ba.

Rawar da aka fi sanin ta da ita, Mutuwar Suwan, irin wannan dabarar ce. Suwan wani farin tsuntsun ruwa ne mai dogon wuya. Mikhail Fokine ya tsara mata rawar a St. Petersburg tana da shekara ashirin da 'yan kai, a kan kiɗan da Camille Saint-Saëns ya rubuta a 1886 don babban gogen Turawa. Ba ta kai minti 4 ba, an kuma ƙiyasta ta yi ta kusan sau 4,000. Duba abin da ke cikinta: babu tsalle, babu juyi mai wuya, wato babu ko ɗaya daga abubuwan da ba ta iya ba. Kusan dukanta ƙananan taku ne a kan yatsu, ƙafa ɗaya manne gaban ɗaya, ana zamewa a dandamali, hannuwa da wuya da baya na ba da labarin. A ƙarshe ta sauka ƙasa a kan ƙafa ɗaya a naɗe, ɗayar a miƙe gaba, ta kifa jikinta a kai.

Sauƙin nata na ido ne. Ƙananan takun nan suna buƙatar gwiwa a sake. Idan ta sandare, kai ya riƙa hawa da sauka, zamewar ta ɓace. Idan takun ya yi girma, tsakanin cinyoyi ya buɗe. Idan takalmin sabo ne ƙwas-ƙwas ɗinsa ya danne kiɗan, shi ya sa ake bubbuga shi a jikin siminti tukuna. Motsin hannu kuma daga baya yake tashi, ya bi ta gwiwar hannu, ya wuce wuyan hannu, yatsu su zo ƙarshe, kafaɗa a sauke. Kuskuren da aka fi gani shi ne kaɗa hannu daga kafaɗa kamar ana fiffita, da kuma fara mutuwa tun daga takun farko. A guntun fim ɗin Pavlova da ya rage, tsuntsun nata kokawa yake yi da mutuwar, motsin ma akwai gaggawa da rashin tsari a ciki, bai kai na 'yan yanzu santsi ba. Kuma rawar ta fita daga hannun 'yan bale tuntuni. A 2011 Lil Buck, ɗan rawar titi daga Memphis a Amurka, ya yi ta da takalmin wasanni, Yo-Yo Ma, shahararren makaɗin babban goge, na goga masa. A 2020, lokacin kullen korona, 'yan rawa mata 32 daga ƙasashe 14 suka yi ta, kowacce a inda take, don tara wa abokan sana'arsu kuɗi.

Ba sai an mai da ita waliyyiya ba. Kunnenta na kiɗa na mazan jiya ne: a 1910 ta ƙi rawar da Diaghilev, shugaban wata ƙungiyar bale ta 'yan Rasha, ya shirya a Faris a kan sabon kiɗan Stravinsky saboda kiɗan bai yi mata ba, aka ba Tamara Karsavina. Da ta kafa ƙungiyarta, yawancin abin da suke nunawa gajerun raye-raye ne marasa nauyi da aka tsara don ita ta haskaka. Sabon salon da ya canza bale a ƙarni na 20 a wajen wasu aka yi shi. Amma akwai abu ɗaya da ba ta taɓa wasa da shi ba. Bayan ta riga ta yi suna, ta ɗauki Enrico Cecchetti, tsohon malami ɗan Italiya, ya riƙa koyar da ita ita kaɗai na wasu shekaru don ya ƙarfafa mata baya da ƙafa.

Darasin kullum da ta riƙe shi ne dai wanda ake yi yau, kusan minti 90. Minti 30 zuwa 45 na farko a jikin sandar riƙo da ke bango: a fara da duƙawa da gwiwa don ɗumama gaɓoɓi, sai goga ƙafa a ƙasa har ta miƙe, sai ɗaga ta kaɗan da sauri, sai zagaya ta, sai motsi a hankali, a ƙare da wurga ƙafa sama. Daga nan a koma tsakar ɗaki babu abin riƙewa, a yi juyi, a yi ƙananan tsalle, manyan tsalle su zo a ƙarshe lokacin da jijiyoyi suka yi ɗumi sosai. Jerin yana da dalili, wanda ya tsallake farkon ya fara da tsalle jijiyar dunduniyarsa ce za ta biya.

Yanzu ga ɓarnar da hoton siririyar macen nan ke yi. Iyaye da malamai marasa haƙuri na son ganin yarinya a kan yatsu tun tana 'yar shekara 8. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen ba a ɗora masa kaya. Ƙasusuwan ƙafar yaro suna da wuraren girma masu taushi da ba sa rufewa sai an shiga shekarun balaga. Ƙungiyar masana lafiyar 'yan rawa ta duniya, IADMS, ta ba da shawarar kada a fara kafin shekara 12, kuma sai a shekara ta huɗu ta koyo, ga mai zuwa darasi aƙalla sau biyu a mako; mai zuwa sau ɗaya, a haƙura da takalmin gaba ɗaya. Shekaru kaɗai ma ba su isa ba. Ana duba ko bayan ƙafa na yin layi ɗaya da ƙwauri idan an miƙe shi, ko yarinyar na iya ɗaga dunduniya a kan ƙafa ɗaya sau da yawa ba ta karkata ba, ko gwiwarta na bin saitin yatsu idan ta duƙa, ko cikinta da bayanta na riƙe ƙugu daidai. Mai laushin gaɓoɓi da yawa, wadda kowa ke cewa an haife ta don bale, ita ce ta fi buƙatar jinkiri, domin laushi ba tare da ƙarfi ba shi ke kawo rauni.

Haka batun juya ƙafa waje. Abin da ake nema shi ne ƙafafu biyu su yi layi ɗaya, digiri 90 kowacce. Ƙugun yawancin mutane kusan 45 yake bayarwa, na ƙwararru ya kusanci 60, kuma siffar ƙashi ce ke yanke iyakar. Yaron da aka matsa wa sai ya murɗa daga gwiwa da idon sawu, tafin ƙafa ya kife ciki, gindin baya ya lotsa. Bayan 'yan shekaru sai ciwon gwiwa. Pavlova kanta ba ta da cikakkiyar buɗewar nan, ta kuma yi rawa shekara 30.

Mafi muni shi ne rama. Siririn jikinta halitta ce, a zamaninta ma aibi ake ɗaukarsa. Yarinyar da ke aiki awa biyar ko shida a yini tana ƙin cin abinci don ta yi kama da hoto, jinin al'adarta kan ɗauke, ƙashinta ya yi sakayau, sai ƙashin gaban ƙafa na biyu ko ƙwauri ya tsage. Ɗaukewar al'ada ga mai wannan aiki alama ce ta a ga likita. Labarin rasuwar tata ma ana ba da shi a karkace. Ana cewa ta ƙi tiyata don an gaya mata ba za ta sake rawa ba, kuma kalmarta ta ƙarshe kayan suwan ta nema. Ko da hakan ya faru, ciwon haƙarƙari ne ya kashe ta a lokacin da maganin penisilin bai shiga asibitoci ba, bayan shekaru ashirin na tafiya ba hutu. Malamin da ke ɗauko wannan labari don yaro ya yi rawa a kan ciwo, zaluntarsa yake yi.

Tafiye-tafiyen ne suka fi komai tasiri. Ta zauna a Landan daga 1912, ba ta sake taka Rasha ba bayan 1914. Da jirgin ruwa da na ƙasa ta kai ƙungiyarta Kudancin Amurka, Japan a 1922, Indiya, Masar, Afirka ta Kudu, Ostireliya a 1926 da 1929. Ba ta zaɓen wuri: a New York a 1916 ta yi wasa a zauren da ake nuna giwaye a shiri ɗaya da ita, a Meziko a 1919 ta yi a filin wasan bijimai, ta kuma taka rawar gargajiyar ƙasar a kan yatsu cikin kayansu. A Lima ta ƙasar Peru, a 1917, wani yaro ɗan shekara 13 ya kalle ta. Shi ne Frederick Ashton, wanda ya zama babban mai tsara rawa na Ingila, ya shugabanci Royal Ballet, babbar ƙungiyar bale ta ƙasar, daga 1963 zuwa 1970.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ta yi da Indiyawa biyu. Uday Shankar, yayan makaɗi Ravi Shankar, zane yake karanta a Landan lokacin da ta jawo shi ya tsara mata raye-raye biyu na Indiya a 1923, suka taka tare. Ba ta mai da shi ɗan bale ba, ta tura shi ga rawar ƙasarsu, ya zama jagoran rawar Indiya ta zamani, salon nasa kuma ya ratsa cikin raye-rayen finafinan Indiya da Hausawa suka daɗe suna kallo. Rukmini Devi Arundale ta fara koyon bale a hannun ɗaya daga 'yan ƙungiyar Pavlova, ita ma shawarar da ta samu ita ce ta koma ta nemi nasu. A 1936 ta kafa Kalakshetra a Madras, ta ɗauko rawar da manyan gari ke ƙyama a lokacin ta shimfiɗa mata manhaja, ita ce Bharatanatyam da duniya ta sani yau. Akwai masu sukar cewa gyaran ya ture matan da suka gaji rawar kaka da kakanni gefe, kuma sukar na da tushe.

A Najeriya bale ta fi ƙarfi a Legas. A 2020 bidiyon Anthony Madu, yaro ɗan shekara 11 na makarantar Leap of Dance, yana juyi ba takalmi a cikin ruwan sama ya zagaya duniya, daga baya ya samu gurbi a makarantar Elmhurst da ke Birmingham. Kowa ya yaba, kaɗan ne suka kula cewa a kan siminti yake. Siminti ba ya shanye bugu, duk saukar tsalle ƙwauri da gwiwa ne ke karɓa. Daɓen rawa na gaskiya katako ne da aka ɗora kan sanduna ko guntayen roba, da sarari a ƙarƙashi don ya ɗan lotsa, a shimfiɗa masa leda mai kauri marar santsi. Duk mai son taimaka wa irin waɗannan makarantu, daɓe ya fi tufafin wasa gaggawa.

A ƙasar Hausa kuwa, sutura da cuɗanyar maza da mata da ke cikin bale ba za su karɓu ga yawancin iyaye ba, kuma ba na ganin akwai buƙatar a tilasta. Shawarar da aka ba Rukmini Devi ce ta shafe mu. Rawar Koroso da ire-irenta na buƙatar ƙarfin jiki da laushi da ba su gaza na kowace rawa ba, amma galibi da kallo ake koyon su, ba tsarin ɗumama jiki, ba jerin darasi daga sauƙi zuwa wuya, ba sunayen taku a rubuce. Hukumomin al'adu na jihohi za su iya zaunar da tsofaffin 'yan rawa da makaɗansu a ɗauki kowane taku a bidiyo ta gaba da ta gefe, a rubuta sunansa da kiɗan da ke raka shi daga bakin masu shi, a kuma biya su a matsayin malamai, don kada a maimaita abin da ya faru da magadan rawar Madras.